Adeola Odutola: Akawun kotun da ya zama muryar masu masana'antu a Najeriya

A watan Mayun 1971, shekara guda da 'yan watanni bayan ƙarewar yaƙin basasa, aka kafa Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya, wadda aka fi sani da MAN. Wanda ya fara shugabantar ta shi ne Cif Timothy Adeola Odutola, dattijo ɗan kusan shekara 70 daga Ijebu-Ode a Jihar Ogun ta yau. Kafin wannan rana ya shafe wajen shekara 40 a kasuwa, inda ya ga yadda doka ɗaya ta gwamnati kan iya buɗe wa ɗan kasuwa hanya ko ta toshe ta, komai ƙwazonsa.

An haife shi a 1902. Bayan karatu a Ijebu-Ode, ya yi aikin akawun kotu a ƙarƙashin hukumar gargajiya ta Ijebu daga 1921 zuwa 1932, sannan ya ajiye aikin albashi ya rungumi fatauci. Shi da ɗan'uwansa Jimoh sun riƙa sayen koko da kwakwar manja daga manoma, suna jigilarsu a motocinsu zuwa Legas, suna kuma sayar da yadi da sauran kayan da aka shigo da su daga waje.

A wancan zamani cinikin amfanin gona yana hannun manyan kamfanonin Turawa, musamman UAC da John Holt. A 1937 waɗannan kamfanoni suka haɗa baki kan yadda za su raba sayen koko a tsakaninsu da farashin da za su biya, abin da ya sa manoman ƙasar da ake kira Ghana a yau suka ƙi sayar da kokonsu na tsawon watanni. A Najeriya ma 'yan kasuwa 'yan ƙasa sun yi ta ƙorafi ta bakin ƙungiyoyinsu, kuma Odutola na cikinsu.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe ikon fitar da amfanin gona. Aka riƙa raba wa kowane kamfani kason da zai saya gwargwadon cinikin da ya yi a shekarun baya. A takarda wannan tsari ya yi kama da adalci, amma a kasuwa ya tabbatar wa manyan kamfanonin matsayinsu, domin ɗan ƙasa da bai daɗe da shiga harkar ba ba shi da tarihin cinikin da zai nuna. Bayan yaƙin aka ɗora tsarin a kan hukumomin sayen amfanin gona, inda aka fara da ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga suka biyo baya a 1949. Su ke yanke farashi, su ke ba da lasisin saye.

Odutola ya fuskanci lamarin ta fuska biyu. Ta farko, ya shiga inda ake tsara doka: a 1945 ya zama wakilin lardin Ijebu a Majalisar Dokoki da ke Legas. Ta biyu, ya janye jarinsa sannu a hankali daga fataucin amfanin gona ya zuba shi a masana'antu. Da yake ya san harkar mota, ya san yadda taya ke cin kuɗin mai mota. Sai ya kafa masana'antar sabunta tsofaffin tayoyi a Ibadan, inda ake manna musu sabuwar roba su koma kan hanya. Daga baya ya buɗe irinta a Anacha da Kano, wato ya dasa ƙafa a duka yankuna ukun ƙasar. Ya ƙara da gonar roba da masana'antar tayoyin keke a Ijebu-Ode.

Bai tsaya ga injina kaɗai ba. Tun a shekarun 1940 ya kafa makarantun sakandare a garinsu, waɗanda aka haɗe suka zama kwalejin da ke ɗauke da sunansa har yau. Mutanen Ijebu-Ode sun naɗa shi Ogbeni Oja, ɗaya daga cikin manyan sarautun garin.

Shugabancinsa a MAN ya zo daidai da lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar 1972 ta mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa, wadda aka faɗaɗa a 1977. Buƙatun masu masana'antu a bayyane suke: a kare kayan gida da kuɗin fito, a sauƙaƙa shigo da injina da ɗanyen kaya, a samar da wutar lantarki da hanyoyi, a kuma ji ta bakinsu kafin a tsara kasafin kuɗi. Sai dai kuɗin man fetur da suka malalo daga 1973 sun ƙarfafa naira, kayan waje suka yi araha, masana'antu da dama kuma suka saba da dogaro da ɗanyen kayan ƙetare.

Ya yi tsawon rai har ya ga sakamakon haka. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta tsuke shigo da kaya a 1982, sannan a 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta karye, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona da suka takura masa a baya. Ya rasu a watan Afrilun 1995 yana da shekara 92.

Sana'ar da ya yi suna a kanta ba ta daɗe a bayansa ba. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, dukansu suna kuka da tsadar wuta da rage kuɗin fito a kan tayoyin waje. Yau yawancin tayoyin da ke kan titunan Najeriya daga ƙetare suke zuwa, a ƙasar da ke noman roba. MAN kuwa tana nan tana miƙa wa gwamnati ƙorafinta a kowace shekara, kuma wuta da kuɗin fito da tsadar bashin banki na nan a sahun gaba.