Virginia Woolf: Alƙalami a Hannu, Ciwo a Zuci

A ajin adabi na fara jin sunan Virginia Woolf, amma ban damu da tarihinta ba sai da wata 'yar'uwata ta soma wani irin hali. Mako guda ba ta barci, surutu ba tsayawa, sannan ta shafe wata guda a ɗaki ko abinci ba ta so. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce sammu. Da na karanta rayuwar wannan marubuciya, sai na ga kamar labarin gidanmu ake ba ni.

An haife ta a Landan ranar 25 ga Janairu, 1882. Mahaifinta, Leslie Stephen, masani ne, kuma a ɗakin littattafansa ta yi yawancin karatunta. Tana da shekara 13 mahaifiyarta ta rasu, a 1895, kuma a lokacin ne ciwon ya fara kayar da ita. Ya sake dawowa da ƙarfi bayan rasuwar mahaifinta a 1904, sannan a 1913, shekara guda da aurenta da Leonard Woolf, har ta yi yunƙurin halaka kanta.

Ciwon nata fuska biyu gare shi. Wani lokaci sai ta yi ta magana kwana biyu ko uku ba hutawa, wani lokaci kuma baƙin ciki ya danne ta, ta ƙi ci, ta ga kamar duk abin da ta rubuta shirme ne. Yawancin likitocin da suka nazarci tarihinta daga baya suna ganin ciwon sauyin yanayi ne, wanda ake kira baifola. A zamaninta ba shi da magani. Likitoci sun sa ta kwanciya da shan madara, suka hana ta karatu, har haƙora aka cire mata a 1922.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ita da mijinta suka koyi zama da ciwon. Sun gane yana da 'yan aike: ciwon kai da rashin barci, musamman in ta kammala littafi. Leonard yakan rubuta halin da take ciki a kundinsa, da ya ga alama sai a rage baƙi, a ajiye aiki, ta huta. A 1917 suka sayi ƙaramar na'urar ɗab'i suka kafa Hogarth Press a gidansu. Jera haruffa da hannu yana kwantar mata da hankali, ya kuma raba ta da fargabar miƙa rubutunta ga wasu maɗaba'a. A cikin wannan tsari ta fitar da Mrs Dalloway a 1925, da To the Lighthouse a 1927, da The Waves a 1931.

A 1926 ta wallafa maƙala mai suna On Being Ill, inda ta yi kukan cewa Turanci ba shi da isassun kalmomin bayyana ciwo. Ya ku 'yan'uwana ɗaliban harshe, wannan kukan ya shafe mu. A Hausa kusan komai hauka muke ce masa, kuma wanda ya san za a kira shi mahaukaci ba zai faɗi abin da ke damunsa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya rushe natsuwarta, domin bam ya lalata gidansu na Landan a 1940. Ciwon ya dawo, kuma ranar 28 ga Maris, 1941, ta halaka kanta a kogin Ouse tana da shekara 59. Shekara takwas kacal bayan haka, a 1949, wani likitan Ostareliya, John Cade, ya nuna cewa sinadarin litiyam yana kwantar da irin wannan ciwo, kuma har yau ana amfani da shi.

Wannan ne ya sa na matsa a kai 'yar'uwata wurin likitan ƙwaƙwalwa. Yanzu tana shan magani, ta koma makaranta, ni kuma nake lura da barcinta. In ka ga irin waɗannan alamu a jikin wani naka, kada ka tsaya jiran su wuce, ka raka shi asibiti.