Per-Ingvar Branemark: Likitan da Ya Gano Ƙashi Na Iya Riƙe Ƙarfe

Mutumin da ya sauya dashen haƙori a duniya ba likitan haƙori ba ne. An haifi Per-Ingvar Branemark a garin Karlshamn na ƙasar Suwidin ranar 3 ga Mayu, 1929, ya kuma karanci likitanci a Jami'ar Lund, inda hankalinsa ya karkata ga yadda jini ke kai-komo a cikin ɓargo.

A shekarar 1952 ya saka wata 'yar na'ura ta ƙarfen titaniyom a ƙashin ƙafar zomo domin ya riƙa leƙen magudanan jini. Da aka kammala gwajin ya zo cire ta, sai ta ƙi fita, domin ƙashin ya manne da ƙarfen kamar tare aka halicce su. Wani mai bincike da ya ɗauki abin a matsayin asarar kayan aiki, shi kuwa a kansa ya ƙare sauran rayuwarsa.

A 1965, a birnin Gotenbag, ya dasa wa wani mutum da aka haifa da nakasar muƙamuƙi ƙusoshin titaniyom huɗu, aka kafa haƙoran roba a kansu. Mutumin ya ci abinci da su har rasuwarsa bayan shekaru sama da 40. Duk da haka likitocin haƙori na ƙasarsa sun daɗe suna sukar aikin, kuma ba a ga laifinsu sosai ba, don dashen ƙarfen da aka yi a baya yakan ƙare da ruɓewa da zafi. Sai a taron da Farfesa George Zarb ya shirya a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982 duniya ta karɓi sakamakonsa.

Ƙa'idojinsa masu tsauri ne. A huda ƙashi a hankali ana zuba ruwa, domin zafin da ya haura digiri 47 yana kashe shi. A rufe ƙusar da dasashi, a bar ta wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora haƙori. A farkon lamari ba a sayar da kayan dashen ga likitan da bai halarci horo ba, saboda ya san hannun da bai ƙware ba zai ɓata sunan aikin baki ɗaya.

Akwai kuma waɗanda wannan hanya ba ta isa gare su ba, wato mutanen da ciwon daji ko haɗari ko daɗewa ba haƙora ya cinye musu ƙashin muƙamuƙin sama, har babu inda ƙusa za ta kama. A da sai a yanko ƙashi daga kwatangwalo a dasa, majinyaci ya sha tiyata biyu da jiran watanni. A ƙarshen shekarun 1980 Branemark ya fito da doguwar ƙusa, mai kaiwa kimanin milimita 50, wadda ke bi ta gefen kogon hanci ta kafu a ƙashin kunci, ƙashin da ba ya zaizayewa bayan faɗuwar haƙora. Aikin yana gab da kwarmin ido, kuskure kaɗan na iya jawo babbar illa, shi ya sa har yau likitocin tiyatar baki ke neman horo na musamman a kansa, da hoton ƙashi na kwamfuta da gwaji a kan gawa, kafin su taɓa mai rai.

A shekarunsa na ƙarshe ya kafa cibiya a garin Bauru na ƙasar Barazil, inda aka riƙa yi wa marasa galihu aiki ana kuma horar da likitoci. Bincikensa ya kai ga na'urar ji da ake kafawa a ƙashin kai da ƙafafun roba da ake haɗawa da ƙashi. Ya rasu a Gotenbag ranar 20 ga Disamba, 2014, yana da shekara 85.