Farma, Lauyan Da Ya Bar Wa Masana Aiki

Piyer Farma mutumin Faransa ne, lauya, kuma ɗan majalisar shari'a a birnin Tulus. Lissafi ba sana'arsa ba ce, sai ya taso daga aiki yakan taɓa shi.

Wajen 1637, yana karanta wani tsohon littafin lissafi na Girkawa, sai ya yi ɗan rubutu a gefen shafi. Ga yadda abin yake: 3 sau 3, a haɗa da 4 sau 4, daidai yake da 5 sau 5, watau 9 da 16 sun yi 25. To, Farma ya ce in aka jera kowace lamba sau uku, kamar 3 sau 3 sau 3, ko fiye da haka, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su dace haka ba. Ya ce yana da hujja, amma gefen shafin ya yi masa kaɗan.

Ya mutu a 1665 ba wanda ya ga hujjar. Ɗansa ya buga maganar a 1670, ta kuwa gagari masana fiye da shekara 300. Gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba ya raba gardama, domin ƙirga ba ta da iyaka. Sai a 1994 wani Baturen Ingila, Andiru Wayils, ya tabbatar da ita bayan wajen shekara takwas yana fama, da dabarun da babu su a zamanin Farma. Shi ya sa masana da yawa ke ganin maganar Farma gaskiya ce, amma hujjarsa ba ta cika ba.