Samuel Ajayi Crowther: Rayuwarsa da Manufofinsa

Gabatarwa

Samuel Ajayi Crowther shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a cocin Angilikan. Tarihinsa yana da muhimmanci ga ɗalibin harshe domin ya gina aikinsa ne a kan ra'ayin cewa al'umma ba ta karɓar saƙo da zuciya ɗaya sai an isar mata da shi cikin harshenta, kuma ta bakin 'ya'yanta.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Ajayi a garin Osogun na ƙasar Yarabawa wajajen shekarar 1809. A shekarar 1821 mahara suka faɗa wa garin, suka kama shi bawa. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har ya shiga hannun fataken bayi na Fotugal a Legas. A 1822 jiragen yaƙin Ingila masu hana cinikin bayi suka tare jirgin da ya ɗauko shi, suka sauke shi a Freetown ta ƙasar Saliyo. A can ne ya koyi karatu da rubutu a hannun ƙungiyar mishan ta CMS. An yi masa baftisma a 1825, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sannan a 1827 ya zama ɗalibin farko na Kwalejin Fourah Bay.

Ayyukansa

A shekarar 1841 ya shiga ayarin da Ingila ta tura binciken Kogin Kwara. Abokin tafiyarsa shi ne J. F. Schön, Bajamushen da ya wallafa littafin kalmomin Hausa a 1843 da kuma ƙamus a 1876. A 1843 aka naɗa Crowther limamin coci a Ingila. Bayan shekara uku ya fara aiki a Abeokuta, inda ya sake saduwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar kimanin shekara 25. A 1857 ya buɗe tashoshin mishan a Anaca da Gbebe, kusa da Lakwaja. Ranar 29 ga Yuni, 1864 aka naɗa shi bishop a babban cocin Kantabari.

Manufofin da Ya Gina Al'ummarsa a Kai

Manufa ta farko ita ce dogaro da kai. Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa wajibi ne ikkilisiyar 'yan ƙasa ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa saƙonta da kanta. Crowther ne ya gwada wannan ra'ayi a aikace, domin kusan duk ma'aikatansa a gaɓar Kwara 'yan Afirka ne daga Saliyo.

Ta biyu ita ce martaba harshen uwa. Ya wallafa littafin kalmomin Yarabanci a 1843, da littafin koyon karatun Ibo a 1857, da nahawun Nufanci a 1864. Bugu da ƙari, shi ne jigo wajen fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, aikin da ya taimaka ƙwarai wajen daidaita rubutun harshen.

Ta uku ita ce ilimi. Ya ɗauki makaranta a matsayin ƙashin bayan kowace tasha, saboda daga cikin yaran da aka koya wa karatu ne ake samun malamai da limaman gobe.

Ta huɗu kuwa ita ce zaman mutunci da maƙwabta. Ya riƙa ziyartar Etsu Masaba a Bida, kuma a mu'amalarsa da Musulmi ya fifita tattaunawa cikin ladabi a kan gardama. Amincin ya kai ga cewa a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa cikin harshen Hausa, yana neman ya sa baki a hana shigo da barasa ƙasar Nufe.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan rasuwar Venn a 1873, ra'ayi ya fara sauyawa a CMS. Wasu matasan Turawan mishan suka zargi ma'aikatan Crowther da sakaci, kuma a wani taro da aka yi a Anaca a 1890 suka dakatar da wasu daga cikinsu a gaban idonsa. Wannan ya karya masa zuciya. Ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891, aka maye gurbinsa da Bature.

Kammalawa

Duk da haka manufarsa ba ta bi shi kabari ba. A 1892 ɗansa Dandeson ya jagoranci ikkilisiyoyin Neja Dalta suka fara gudanar da harkokinsu da kansu. A 1979 cocin Angilikan na Nijeriya ya zama lardi mai cin gashin kansa, kuma a 2014 Akbishop na Kantabari ya nemi afuwa kan abin da aka yi wa Crowther. Darasin da malami zai ɗauka shi ne, ilimin da aka dasa cikin harshen jama'a yana daɗewa fiye da wanda ya dasa shi.