Likita Ishaya Audu, Malamin Likitoci

A wannan wata za mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya yi aikin magani, ya kuma koya wa waɗansu. Sunansa Likita Ishaya Audu.

An haife shi a Anchau, ƙasar Zazzau, ran 1 ga Maris, 1927. Ubansa Malam Bulus Audu daga cikin Isawa ne, wato mutanen nan da suka girmama Annabi Isa tun ba su ji bishara ba. A 1913 waɗansunsu suka zo wurin Likita Miller na C.M.S. a Zariya suna neman ƙarin haske. Daga baya suka zauna a Gimi, amma ciwon barci ya kashe da yawa a cikinsu. Yaron da ya fito daga jama'ar da ta sha wannan wahala, shi ne Allah ya nufa ya zama likita.

Ya fara karatu a makarantar Wusasa, inda Likita Dikko, likita na fari daga Arewa, ya tashi. Daga nan ya tafi Yaba, sa'an nan Badun a 1948, kāna London ta Ingila, inda ya sami shaidar likita a 1954. Ya zaɓi sashen ciwon yara. Ya koyar da 'yan makarantar likita a Ikko, ya kuma zama likitan Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Ga shi mai bin Yesu, amma Firimiya ya amince masa da ransa.

A 1966 aka kashe Sardauna, ƙasa ta rikice. Cikin shekaran nan aka naɗa Likita Ishaya shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, yana da shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na fari da ya riƙe wannan matsayi. Likitoci 'yan Arewa kuwa kaɗan ne ƙwarai a lokacin. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya tashi, jami'ar ta buɗe makarantar likita. Aka riƙa kai almajirai asibitocin Zariya da Kaduna, har da Malumfashi, domin su ga ciwon mutanen ƙauye da idonsu, su koyi aiki a gefen gadon marar lafiya. Ya riƙe jami'ar har 1975.

A 1979 ya zama Ministan Harkokin Waje a mulkin Alhaji Shehu Shagari. Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, aka tsare shi. Bayan an sake shi ya koma Samaru, yana duba marasa lafiya a asibitinsa, yana kuma wa'azin Maganar Allah. Ya rasu ran 29 ga Agusta, 2005.

To, mene ne za mu koya? Likita ɗaya hannu biyu gare shi, kwanakinsa kuma ƙidayayyu ne. Amma wanda ya koyar da waɗansu, aikinsa ba ya shiga kabari tare da shi. Almajiran makarantar nan sun zama malamai, su ma sun koyar da na bayansu.

Muna tuna da 'yan'uwa na ƙasar Gobir, wajen Sabon Birni da Isa, inda zazzaɓin damina yakan kwantar da yara, uwa kuwa takan yi doguwar tafiya kafin ta ga likita. Wa zai je musu? Wataƙila yaron yana zaune cikin Ekklesiyarku yau, kuɗin makaranta kaɗai ya rasa. Iyaye da dattawa, ku lura da shi, ku haɗa hannu ku taimake shi. Ku kuma da kuka iya aikin magani, kada ku ɓoye saninku ga na ƙasa da ku.

Mu yi addu'a Ubangiji ya tā da irin waɗannan ma'aikata a cikinmu.