Umaru Ganda: ɗan dakon Abijan da ya kawo wa Nijar ingarman Wagadugu

A satin da ya wuce wani abokin aikinmu ya zo fada da daddare da wani tsohon fim a cikin wayarsa. Baƙi da fari ne, hoton ya koɗe, sauti kuma sai ka kasa kunne sosai. Mu shida ne muka dunƙule kan wayar guda, shayi na kan wuta. Da farko matasa biyu suka fara tsaki, wai babu waƙa, babu rawa, babu ko faɗa na kirki. Kafin a zuba shayi na biyu kowa ya yi tsit. Da fim ɗin ya ƙare kuwa gardama ta tashi, har aka kusa raba dare ana yi. Sunan fim ɗin Cabascabo, wanda ya yi shi kuma shi ne Umaru Ganda.

Wanda ya san Yamai ya san CCOG, wannan babban gidan raya al'adu da ake kiɗe-kiɗe da wasanni a ciki. To haruffa biyun ƙarshe, O da G, sunansa ne, Oumarou Ganda yadda ake rubuta shi da Faransanci. Na tambayi waɗanda muke zaune da su a daren nan ko sun san ko wane ne shi. Ɗaya ya zaci tsohon minista ne, wani ya ce ƙila ɗan kokawa ne. Shi ya sa na ga ya dace in kawo muku labarinsa.

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, Bazabarme ne. Ya yi lakwal ta firamare a can, bai yi nisa da karatu ba. Yana ɗan shekara 16, a 1951, ya shiga sojan Faransa. Ku duba ƙannenku da ɗiyanku masu shekara 16 a gida, ku ga irin yaron da aka ba bindiga. Aka ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa Indoshin, wato yankin da ƙasar Biyetnam take a yau, inda Faransa ke yaƙi da mutanen ƙasar da suka tashi neman ƴancinsu. Ya yi wajen shekara 2 a can. Faransa ta sha kashi a Diyen Biyen Fu a 1954, shi kuma aka sallame shi a 1955 ya komo gida.

Da ya komo bai samu aiki ba. Sai ya yi abin da dubban ƴan Nijar ke yi tun wancan zamani har gobe, ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi biɗa. Ya sauka Abijan, a unguwar Tareshbil, ya shiga dako a tashar jiragen ruwa. Ƴan uwanmu da ke karanta wannan daga Kodebuwa ko Gana ko Legas ba sai an yi musu bayanin wannan rayuwa ba: aikin yini guda, in an ɗauke ka ka ci, in ba a ɗauke ka ba ka kwana da yunwa.

A nan ne ya haɗu da wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniyan hanyoyi kafin ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim. Lokacin Rouch na bincike a kan ƴan Nijar masu zuwa ci-rani bakin teku, sai ya ɗauki Umaru cikin masu taimaka mishi da tambayoyi da ƙidaya. Daga nan aka yi fim ɗin Moi, un Noir, wato "ni, baƙar fata", wanda aka ɗauka a 1957. Umaru ne babban ɗan wasan, kuma rayuwarsa ce ya taka. Samarin da ke ciki duk sun ari sunayen taurarin finafinan Turai da Amurka da suke gani a silima: Umaru shi ne Edward G. Robinson, akwai Eddie Constantine, akwai direban tasi mai suna Tarzan, yarinyar kuma Dorothy Lamour. Kamar dai yadda a yau za ka ji ana kiran wani yaro da sunan ɗan wasan Indiya ko na Kano.

Yadda aka yi fim ɗin ma abin ji ne. Kamarar Rouch ƙarama ce, da hannu ake wana ta, ba ta wuce kamar daƙiƙa 25 ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar magana tare da hoto. Sai bayan an gama aka zaunar da Umaru gaban hotunan, yana kallo yana magana, abin da ya zo bakinsa shi yake faɗi. Wannan muryar ce ta riƙe fim ɗin gaba ɗaya: yana ƙorafin talauci, yana mafarkin zama zakaran dambe, yana yi wa kansa dariya. Wajen ƙarshe akwai inda yake tafiya a bakin ruwa da wani yaro, yana kwatanta mishi yaƙin Indoshin, ya faɗi ƙasa, ya tashi, ya yi kamar yana jefa gurneti. Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, kuma matasan masu shirya fim na Paris, irin su Jean-Luc Godard, sun koyi abubuwa da yawa daga gare shi.

Amma sunan da aka rubuta a matsayin mai fim na Rouch ne. Umaru daga baya bai ɓoye ba cewa bai gamsu da yadda aka nuna rayuwarsa ba, yana ganin labarin nasa ne kuma shi ya fi cancanta ya ba da shi. Ni dai a ganina nan ne mutumin ya nuna ko shi wane ne. Wani da ya samu irin wannan suna sai ya zauna yana cin albarkacinsa har tsufa.

Ya komo Yamai, ya shiga ƙungiyar masu sha'awar silima ta gidan al'adun Faransa da Nijar, inda ake koya wa matasa riƙe kamara da haɗa hoto. Ya yi aiki a matsayin mataimakin ma'aikacin fasaha, yana koyo. A lokacin Yamai na tashe a harkar fim: Mustafa Alasan, wanda daga baya ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya riga ya fara fitar da nasa tun farkon shekarun 1960. A 1968 aka yi gasar rubuta labarin fim, Umaru ya rubuta Cabascabo.

Fim ɗin gajere ne, kamar minti 45, da Zabarmanci. Umaru da kansa ya fito a matsayin Kabaskabo, sojan da ya komo daga Indoshin da kuɗin sallama a aljihu. Aka tarbe shi da murna. Abokai suka kewaye shi, maroƙa na wasa shi, mata na kai da kawowa, shi kuma yana rabo kamar kuɗin ba su ƙarewa, yana ba da labarin fagen fama. Zalika Sule, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta yi sana'ar wasan fim a Nijar, ita ce macen da ke kusa da shi. Ran da aljihu ya bushe kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja ya hana shi jure wulaƙanci, a ƙarshe ya juya wa birni baya ya nufi daji.

Wannan ƙarshen ne ya tada gardama a fadarmu. Wani ya ce komawa gona ya yi, kuma daidai ke nan, da ma can ne asalinsa. Wani ya ce a'a, wannan tafiyar ta wanda ya fid da rai ce. Mai shayinmu, wanda ya yi shekara 4 a Libiya, bai shiga gardamar ba. Daga baya ne ya shaida mini cewa shi ba yaƙin ya gani a fim ɗin ba, watansa na farko bayan komowa gida ya gani, lokacin da kowa ke gaishe shi da sunan da bai taɓa ji ba, da kuma wata na huɗu da aka daina. Ni abin da ya fi burge ni shi ne Umaru bai tausaya wa Kabaskabo fiye da kima ba. Ya nuna an zalunce shi, an kai shi yaƙin da ba nasa ba, amma ya nuna wautarsa ma. In akwai abin da zan kushe, wasu wuraren wasan ƴan fim ɗin na da tauri, ka san ba su saba da kamara ba. Bai hana labarin shiga jiki ba.

Cabascabo ya je bikin finafinai na Kan a Faransa a 1969, ya kuma samu kyauta a Mosko a shekarar nan.

Fim na biyu shi ne Le Wazzou polygame. Kalmar wazzou ita ce wa'azi da muka sani. Wani Alhaji ne ya komo daga Makka, yana da mata biyu, ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Satu, wadda an riga an yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Kuɗi da rawani suka yi aiki, iyaye suka ba Alhaji, Garba ya bar gari cikin baƙin ciki. Matar Alhaji ta biyu ta ƙi yarda da kishiya, ta ƙudura kashe amarya, sai ta kuskure ta kashe ɗaya daga cikin ƙawayen amaryar. Masu kallon finafinan Kano za su ce ai wannan labarin sun gan shi sau ɗari. Gaskiya ne, amma ku tuna wannan an yi shi ne wajen shekara 20 kafin a fara finafinan kaset a Kano. Kuma Umaru bai tsaya kan kishin mata ba, ya ɗora tambayar a kan mutumin da ya ɗauki sunan Alhaji ya mai da shi makamin ƙwace abin wani.

Da wannan fim ɗin ne ya shiga tarihi. Bikin FESPACO na Wagadugu an fara shi a 1969, amma sai a 1972 aka fara ba da babbar kyauta, Ingarman Yennenga, mai ɗauke da sunan gimbiyar nan da Mosawa ke ɗauka a matsayin kakarsu. Wanda ya fara ɗaukar ta a duk faɗin Afirka shi ne Umaru Ganda, ɗan Nijar, tsohon ɗan dako. Tun daga ranar kuma ingarman bai sake shigowa Nijar ba.

Bayan nan ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, inda ya taɓo wurin da ya fi zafi. Wani malamin tsibbu ne a ƙauye da ke amfani da yardar da mutane suka yi mishi, yana shiga tsakanin matar aure da wani mai kuɗi don abin da zai samu. A farkon shekarun 1970 fitar da irin wannan a gaban jama'a ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Ko yau ma mai fim zai yi tunani sau biyu.

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980, kuma daga tatsuniya ya ɗauko shi. Wani jakada ne da ya bar ƙasarsa yake ba abokansa Turawa labari. Sarki ya ji wasu samari biyu ƴan uwan juna suna cewa in za a ba su ɗiyansa mata, sun yarda a sare musu kai. Sarki ya aura musu. Da wa'adi ya cika ya nemi su cika maganarsu. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu da matarsa, ya yi ta yawo har ya zama sarki a wata ƙasa, amma maganar da ya furta ba ta sake shi ba, sai da ya ba da ransa. Gaba ɗaya fim ɗin a kan nauyin alkawari yake. An yi shi ne a zamanin mulkin soja na Seyni Kunce, lokacin da ba kowace magana ake faɗi kai tsaye ba, kuma tatsuniya ta daɗe tana yi wa mutanenmu wannan aikin.

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairun 1981, ciwon zuciya ne, bai cika shekara 46 ba. Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa aka sa wa gidan al'adun nan sunansa, FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyautar Umaru Ganda da ake ba wanda ya yi fice da dogon fim ɗinsa na farko. Rouch, wanda ya fara sa shi gaban kamara, ya rayu shekara 23 bayansa, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004, aka binne shi a Yamai. Zalika Sule ta rasu a 2021. Wanda ke son ganin yadda rayuwa ta yi da ita da sauran ƴan fim na wancan zamani, ya nemi Al'lèèssi, fim ɗin da Rahmatu Keita ta yi a kanta.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Ɗalibin fim a Paris ya fi yaron Tasawa ko Madawa ko Mirya sauƙin ganin aikin Umaru Ganda. Gidajen silima da iyayenmu suka sani a Maraɗi da Damagaram sun mutu, yawancin finafinan nasa kuma da Zabarmanci suke, fassarar da ke ƙasa da Faransanci, wanda bai yi lakwal ba an bar shi a baya. Alhali kullum muna kallon finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, har yara na haddace maganganunsu. In an iya yi wa fim ɗin awa 3 na Mumbai wannan, ban ga abin da zai hana a yi wa Cabascabo mai minti 45 ba, da izinin masu haƙƙinsa. A daren da muka kalla, wani abokinmu da ya yi zama a Doso ne ya riƙa fassara muna, yana yi yana dariya yana mantuwa, mu kuma muna ce mishi ya mai da baya.

Mun yi da mai wayar zai nemo muna Le Wazzou polygame kafin sati mai zuwa. Mai shayi ya ce in an samu zai gayyato wani kawunsa, Alhaji ne mai mata uku, a zaunar da shi a gaba.