Adolf Wallenberg: Likitan da ya gano ciwon gindin ƙwaƙwalwa tun babu na'urar hoto

Ɗan'uwa, ka taɓa ganin wanda jiri ya kwasa farat ɗaya, muryarsa ta dishe, ya kasa haɗiye ko ruwa, ga shaƙuwa ta ƙi tsayawa, amma hankalinsa ras? A Dangora, Kiru ko Tudun Wada, sau da yawa sai ka ji an ce iska ce. Akwai likitan da ya bayyana wannan ciwo shekara fiye da ɗari da suka wuce.

Sunansa Adolf Wallenberg, Bayahuden Jamus, an haife shi a 1862. Ya karanta aikin likita a Heidelberg da Leipzig, sannan ya kama aiki a birnin Danzig, wanda yau ake kira Gdansk a ƙasar Foland.

A 1895 ya rubuta bayanin wani majinyaci mai irin waɗannan alamu. Ƙari a kansu, gefe ɗaya na fuskar mutumin da ɗaya gefen jikinsa sun daina jin zafi yadda ya kamata. A lokacin babu na'urar leƙa cikin kai. Da tambaya da gwaji kawai, Wallenberg ya ce jijiyar jini ce ta toshe a gefe ɗaya na gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Daga nan ne ake sarrafa numfashi, haɗiya da daidaiton tafiya. Bayan mutumin ya rasu, ya binciki gawarsa, ya tarar da ɓarnar inda ya yi hasashe, ya wallafa sakamakon a 1901. Har yau ciwon sunansa yake ɗauke da shi.

Duk da wannan hidima, 'yan Nazi sun hana shi aiki a 1938. Ya gudu Ingila yana tsoho, daga baya ya wuce Amurka, inda ya rasu a 1949.

Abin da ya jira shekaru kafin ya tabbatar, yau ana ganinsa majinyaci na raye. An fara ɗaukar hoton CT na ƙwaƙwalwa a Landan a 1971, sai dai ƙashin ƙeya kan ɓoye masa wannan lungu, shi ya sa MRI ya fi nuna shi. Hoton jijiyoyi kuma kan fallasa dalili: toshewa sakamakon hawan jini ko ciwon suga, ko tsagewar jijiyar wuya bayan rauni, wadda ta fi samun matasa.

To, aikinka ke nan. In ka ga waɗannan alamu a jikin Baba ko abokinka, kar ka ɗura masa ruwa ko jiƙo, don zai iya shaƙewa. A yi asibiti mafi kusa nan take, a nemi a tura shi inda ake hoton ƙwaƙwalwa, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuma ka riƙa kai iyayenka awon jini tun suna lafiya.